Dangin Ubana na Woodbridge

Tun da na dawo daga Amurka ban huta ba. A coci matan zumunta su tare ni, a kasuwar Bukuru abokan sana'a su bar buhunansu su zagaye ni, kowa da tambayarsa. "Mama Baturiya, da gaske kin ga dangin babanki? Sun karɓe ki? Me suka ba ki kika ci?" Na ba da labarin har muryata ta dushe, kuma kullum sai na koma gida in tuna na tsallake wani wuri. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, wanda ya tambaya in miƙa masa ya karanta.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Rifkatu. Dankalin Turawa nake sayarwa tun ina goyon fari, yanzu kuwa na haura saba'in. Baturiya ba sunan da aka raɗa mini ba ne, fatata da gashina suka jawo mini shi. Mahaifiyata Laraba tana budurwa take ɗaukar ƙasa a ka a wurin haƙar kuza, a nan ta haɗu da wani Bature mai gyaran injuna. Iyakar abin da na sani game da shi ke nan. In na tambaye ta sai ta ce, "Ya tafi ƙasarsu," ta miƙe ta kama wani aiki. Sunan kawuna na ɗauka a makaranta. Yara sun yi mini waƙa, na yi dambe, na yi kuka, daga baya na saba. Har Mama ta rasu ban ji sunan mutumin a bakinta ba.

'Yata ta biyu, Talatu, nas ce, tana zaune da mijinta Bulus a Mitchellville, kusa da birnin Washington. Wata rana likita ya tambaye ta cututtukan da ke bin danginsu. Ta faɗi na wajen babanta, ta faɗi na wajen kakarta Laraba, da aka zo kan kakanta namiji sai ta ce ba ta san komai game da shi ba. Abin ya tsaya mata a rai, har ta je ta yi gwajin nan da ake tofa yawu a 'yar kwalba a aika, su kuma su gano wa mutum waɗanda ya haɗa jini da su. Ba ta gaya mini ba sai da sakamako ya fito. Ina cikin auna wa wata mata dankali wayarta ta shigo.

Ta ce, "Mama, ki nemi wuri ki zauna tukuna."

Na ce, "Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Kina da ƙanwa, Mama. Sunanta Katilin. Mun yi magana da ita, tana ta kuka, tana so ta gan ki."

Na zauna a kan buhu. Matar da nake auna wa ta gaji da jira ta ƙarasa awon da kanta.

Neman biza ya kai ni Abuja. Talatu ta koya mini amsoshi a waya har na haddace, amma da na tsaya gaban gilashin sai duk suka gudu. Wani saurayin Bature ya tambaye ni wurin wa zan je. Na ce wurin 'yata da ƙanwata. Ya ce yaushe rabona da ƙanwar tawa. Na ce masa ban taɓa ganinta ba. Sai ya ɗago kai daga na'urarsa, ya dubi fuskata da kyau. Da Turancina na kasuwa na kwashe labarin na gaya masa, na bayana a layi suna ta gyaran murya. Da na gama ya ce in dawo in karɓi fasfona, ya ƙara da cewa in gaishe ta.

Tsaraba kuwa na yi tunaninta sosai. Me za ka kai wa 'yar ubanka da ba ka taɓa gani ba? Na sayi acca mai kyau, na haɗa da kuka da yaji da kilishi. Sannan na sa aka kawo mini sabon dankali daga Bokkos, na zauna na zaɓi manya masu santsi, na naɗe su a zani. Na ce ai gara ta ga abin da na ci da 'ya'yana da shi. Talatu ta gargaɗe ni kan nama, ni kuwa na ce a raina kilishi ai ya bushe, ba a kiransa nama. Maganar dankali ko tayar mata da ita ban yi ba.

Jirginmu ya sauka a Jamus don mu canza wani. Na yi zaman jira mai tsawo a can, yunwa ta kama ni, na nuna wani burodi da yatsa aka ba ni. Da na gatsa sai na ji kamar katako, baƙi ne kuma ga tsami. Na jiƙa shi a shayi ina mita, ina cewa mutanen nan da kuɗinsu da komai ba su iya burodi ba. A banɗakinsu ma na sha kunya, na yi ta neman inda zan murɗa famfo, sai wata yarinya ta miƙa hannu ƙarƙashinsa ruwa ya zubo da kansa.

A filin jirgin Dulles na Washington, saboda ciwon gwiwa, aka ɗora ni a keken turawa. Wani baƙin mutum dogo ne ke tura ni. Da muka hau wani ɗan tudu na ce, "Wayyo gwiwata," ba da kowa nake ba. Sai na ji daga bayana an ce, "Sannu Mama. Daga ina kika hito?"

Na juya har wuyana ya yi ƙara. Sunansa Malam Sani, mutumin Maraɗi ne, yana zaune a Sterling nan kusa. Muka gaisa kamar mun shekara da sanin juna. Kafin mu kai wurin bincike ya sunkuyo ya ce, "Mama, mi kika ɗauko cikin jikkar ga? Ki gaya mini tun 'yan duwan ba su tambaya ba." 'Yan kwastan yake nufi. Na lissafa masa. Da na kai kan kilishi da dankali sai ya dafe kai.

Ya ce, "To ki ji. In sun tambaya, ki faɗi duka, kar ki ɓoye ko ɗaya. Za su ɗauke, amma ba za su yi miki komi ba."

Bai rufe baki ba wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna kusa da jakata yana kallona. Ma'aikaciyar da ke riƙe da shi ta tambaya, na faɗi gaskiya. Ta kwance zanin, ta ga dankalina a jere, ta ce wani abu tana murmushi. Malam Sani ya ce cewa ta yi suna da kyau, amma ƙasar da ke jikinsu tana iya ɗauko cutar gona. Wannan kam ban yi musu ba, don na san abin da cutar dankali ke yi. Suka ɗauke shi da kilishin, suka bar mini sauran. Na ji zafin dankalin nan har cikin raina. Malam Sani ya tura ni har inda Talatu da Bulus ke tsaye, ya ce Allah ya sada ni da alheri, ya juya da kekensa. Ban ƙara ganinsa ba, amma ina sa shi a addu'a.

Mu mutanen Jos muna taƙama mun san sanyi. Ashe wasa muke yi. Lokacin kaka na je, ganyaye sun yi ja suna zuba, kuma iskar da ta tare ni a bakin ƙofa sai da ta sa haƙorana suka haɗu. A gidan Talatu ɗakin ƙasa aka ba ni, wanda ake sauka da matakala. Da farko na ce yaya za a sa tsohuwa a rami, sai na tarar ya fi ko'ina ɗumi. Unguwar tasu 'yan Nijeriya sun yi yawa, amma ba za ka sani ba, don kowa daga mota sai cikin gida. Da safe na fita bakin hanya na ga wani yana gudu, na ɗaga masa hannu na gaishe shi. Ya tsaya, ya cire abin kunnensa, ya tambaye ni ko lafiya, ko in kira mini wani. Na ce gaisuwa ce kawai. Ya yi dariya, kuma daga ranar kullum sai ya ɗago mini hannu. Ranar da na ce zan yi musu miya kuwa, na ɗora manja ya yi hayaƙi yadda na saba, sai wani abu a saman ɗaki ya fasa ihu. Na yar da ludayi na yi waje da gudu ba takalmi. Ashe na'urar da ke jin hayaƙi ce. Bulus ya fito yana kaɗa tawul a sama, jikokina suna birgima don dariya.

Ranar Asabar muka kama hanyar Woodbridge, inda Katilin take. Motoci sun cushe a babban titin kamar Mararaba ta hanyar Abuja da yamma, sai dai ba mai ƙaho, ba mai tallan gyaɗa. Na ce wa Talatu, "In ta gan ni ta ga ba haka ta zata ba fa?" Ta ce, "Mama, ta ga hotonki. A jikin firij ɗinta yake."

Tun daga nesa muka hango ta tsaye a waje cikin sanyin nan da silifas. Gajeriya ce, farin gashi yankakke. Na fito daga mota ina shirya gaisuwar da na tanada, sai ta yi murmushi. Wushiryata ce a bakinta, ita ɗin dai, wadda ba wanda yake da ita a dangin Mama. Gaisuwar ta ɓace mini. Ta rungume ni, muka tsaya a haka muna kuka, Talatu ma tana yi, har wani maƙwabci ya leƙo ta taga.

A cikin gidan akwai kare sanye da rigar sanyi, kwance a kujerar da ta fi kowace kyau. Na zauna can nesa da shi na tattare ƙafafuna. Abincin da ta yi mana ta ce na gidansu ne tun kakanni. Akwai kabeji da aka bari ya yi tsami, wannan na wajen Jamusawa ne, da nama da aka cusa a hanji, sai dankali da aka tuƙa kamar tuwo da madara, na wajen mutanen Ailan. Gishiri kaɗan, yaji babu. Na daure na yi loma biyu, sannan na buɗe jakar hannuna na ciro ƙullin yajina. Katilin ta ce ita ma a zuba mata. Ta ci, fuskarta ta yi ja, ta sha ruwa kofi guda, ta ce a ƙara.

Bayan abinci ta kai ni jikin bangon ɗakin, inda ta manna wata babbar takarda mai rassa kamar itace. Malamar makaranta ce da ta yi ritaya, kuma shekaru da yawa ke nan tana bin asalin gidansu, coci-coci, maƙabarta-maƙabarta, har ƙetare. Talatu tana fassara mini inda Turancin ya fi ƙarfina. Sunan mahaifinmu Yusufu, wato Josef a bakinsu. Sunan gidan kuwa na Jamusanci ne, har yau harshena bai iya shi ba. Babansa Henri ya taso daga wani ƙauye a Jamus yana saurayi, ya shigo jirgin ruwa zuwa birnin Baltimore na Amurka da 'yar jakarsa, ya zama mai gasa burodi.

Na ce, "Wane irin burodi?"

Ta ce baƙi, mai tauri, mai ɗan tsami. Na kama baki. Na ba su labarin burodin da na zaga a filin jirgi, Katilin ta yi dariya har ta riƙe bango. Ashe ƙasar kakana na zauna ina zagin sana'arsa.

Uwar Yusufu kuma Birijit, kakanninta daga Ailan suka zo. Katilin ta ce dankali ne abincinsu safe da yamma, sai wata cuta ta faɗa masa shekara bayan shekara. Ganye ya yi baƙi, a tona a tarar ya ruɓe yana wari. Mutane suka yi ta mutuwa da yunwa, masu sauran ƙarfi suka shiga jiragen ruwa. Katilin ta je ƙauyensu na Ailan da kanta, ba ta tarar da komai ba sai katangar dutse da tumaki. Ban bari Talatu ta ƙarasa fassara ba, don na san warin nan. Na taɓa tsayawa a gonar wani abokin cinikina a Bokkos da damina, ya tona kunya guda bai sami ko ɗaya mai kyau ba, ya zauna a ƙasa yana kuka kamar yaro. Na gaya mata a wurinmu ma Airish muke kiran dankalin, kuma ban taɓa sanin sunan mutane ba ne, balle in san mutanena ne. Ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba.

Ta ce auren Henri da Birijit ma sai da aka kai ruwa rana, don cocinsu ba ɗaya ba, yarensu ba ɗaya ba, uwar amarya ta ƙi zuwa bikin. Na ce ashe ko'ina haka mutane suke.

Sannan ta ɗauko hoto. Wani dogon saurayi da gajeren wando, tsaye kusa da wani ƙaton inji, ya kare ido daga rana. Na dubi fuskar, ban ji komai ba, baƙo ne kawai. Sai idona ya kai bayansa. Tudun jar ƙasar da aka tara daga ramin kuza ne, da wani dutse mai tsaga a gefe. Na san tudun nan. A kansa muke zamiya muna yara, har yau yana nan bayan ƙauyenmu. A nan ne na zauna a kujerar karen, kusa da shi, ban ma lura ba.

Na tambaye ta ko ya taɓa maganata. Ba ta yi mini ƙarya ba, ta ce bai taɓa ba. Ba ya son maganar Nijeriya sam. Abu ɗaya ta tuna, in yaro ya faɗi ya ƙuje gwiwa, yakan ɗaga shi yana cewa "sanu, sanu." Sun ɗauka wata kalma ce ya ƙirƙira. Na ce mata kalmarmu ce, na gaya mata ma'anarta. Ciwon zuciya ne ya kashe shi, ta ce, kamar babansa. Talatu ta ciro waya ta rubuta, don abin da ta fara nema ke nan.

Da za mu tafi na ga suna biyu a ƙarƙashin na Yusufu a takardar bangon. Na ce wane ne ɗayan. Fuskarta ta canza. Wanta ne, Robat, yana nan da rai, gidansa ba nisa, amma ya ce ba zai gan ni ba. Dalilin kuwa, lokacin da Yusufu ya tafi aikin kuza yana da aure, ya bar matarsa da ƙaramin ciki. Ni da Robat 'yan watanni ne tsakaninmu. Shi ya yi jinyar uwarsu har ta rasu, kuma ya ce duk wanda ya karɓe ni ya ci amanarta. Tun da maganata ta fito ya rage zuwa gidan Katilin.

Wannan ya hana ni sukuni kwana da kwanaki. Na ce wa Talatu ni ban zo raba 'yan'uwa ba, gara in koma. Ta ce in bari mu je kabarin tukuna.

A Baltimore kabarin yake. Muka fara biyawa ta bakin ruwa, Talatu ta nuna mini wajen da jiragen baƙi ke tsayawa a da. Na tsaya ina tunanin saurayin nan da jakarsa, ba yare, ba ɗan'uwa, ba wani Malam Sani da zai ce masa sannu. Daga nan muka wuce maƙabarta. Maƙabartarsu kamar lambu take, ciyawa a gyare, kowa da dutsensa da sunansa. Katilin ta riga mu isa, tana tsaye da furanni. Ba ta tuƙi a babban titi, don haka na tambaye ta wa ya kawo ta. Ta nuna wata mota can ƙarƙashin itace. Robat ne, ya ce zai kawo ta amma ba zai fito ba.

Na tsaya gaban dutsen Yusufu. Shekara da shekaru ina tara maganganun da zan gaya wa mutumin nan, masu zafi, amma da na zo sai na ji ba su da amfani. Na yi masa Hausa. Na ce, "Ni ce Rifkatu, 'yar Laraba. Laraba ta rasu. Ta riƙe ni da kyau, ban kwana da yunwa ba. 'Ya'yana biyar, ga ɗaya nan tsaye. Na zo ne ka sani." Na yi addu'a, Katilin ta ce amin.

Da muka juyo na dubi motar nan. A wurinmu ba ka wuce ɗan'uwanka ba gaisuwa, ko kuna faɗa. Na ce wa Talatu ta zo ta yi mini tafinta. Ta ce, "Mama, a nan ba a yin haka, in mutum ya ce a bar shi, barinsa ake yi." Na ce ni ba 'yar nan ba ce.

Na ƙwanƙwasa gilashin. Ya daɗe kafin ya sauke shi. Tsoho ne mai kauri, da hular sanyi, hannuwansa biyu a kan sitiyari. Bai dube ni ba.

Na ce, "Ki gaya masa ban zo neman komai ba. Na zo in yi masa gaisuwar mamarsa. Na ji shi ya yi jinyarta, Allah ya saka masa. Ba ta yi mini laifi ba, kuma ni ma ban zaɓi yadda aka haife ni ba."

Talatu ta faɗa masa. Na fara juyawa zan tafi. Sai ya yi magana, kuma wannan ban buƙaci fassara ba. Ya ce, "Mahaifiyarki ta sha wahala?"

Na ce, "Ta sha."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Tawa ma." Sai a lokacin ya juyo ya dube ni, ya daɗe yana kallon bakina. Ya ga hannuwana suna rawa don sanyi, ya cire safar hannunsa ya miƙo ta taga. Na karɓa na sa, da ɗuminsa a ciki. Bai fito ba, bai ce in zo gidansa ba, kuma har na baro ƙasar ban sake ganinsa ba. Amma Katilin ta ce a hanyar komawa shi ya fara tambayarta sunayen 'ya'yana, kuma ya koma zuwa cin abincin Lahadi a gidanta. Wannan ya ishe ni.

Sauran kwanakina rabi a gidan Katilin na yi su. Na dafa mata gwaten acca, ta koya mini burodin mutanen Ailan da ba a sa masa yis. Ta ƙara takarda a gefen ta bangon, ta ce in faɗa mata dangin Mama. Na faɗi Laraba, da iyayenta, da kakanninta iyakar inda na sani, tana rubutawa tana tambayar yadda ake furtawa. Har ni da karen muka shirya.

Da na dawo gida na huta, na ɗauki hoton da ta wanke mini na tafi ƙauye wajen Inna Jummai, ƙanwar Mama, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Ta kai hoton dab da idonta, ta juya shi wajen haske.

Ta ce, "Shi ne. Haka ya tsaya ranar da ya zo gidanmu."

Na ce, "Ya zo gidanmu? Yaushe, Inna?"

Ta ajiye hoton a cinyarta. Ta ce Mama ce ta hana a faɗa, amma yanzu duk sun tafi. Ina 'yar wata uku aka ji ƙarar mota a bakin ƙauye. Bature ne da kukunsa mai yi masa tafinta, ya ce zai koma ƙasarsu, yana so ya ga jaririyar. A lokacin ana ta cewa Turawa suna kwashe irin 'ya'yan nan, uwa ba ta ƙara ganinsu. Mama ta ɗauke ni ta haura cikin rumbun acca. Inna Jummai, tana yarinya, ita ta ja murfin ta rufe, ta zauna a gindin rumbun tana rera waƙa da ƙarfi don kada a ji kukana. Kakana ya ce masa Laraba ta tafi garin dangi. Ya zauna a kan dutse a ƙofar gida har rana ta karkata, sannan ya tashi ya shiga mota.

Na ce, "Ɗaukata ya zo yi, ko ganina kawai?"

Ta ce, "Wa ya sani? Ba wanda ya tambaye shi."

Na dubi tsakar gidan da na girma a ciki. Na gode wa Allah da ya nuna mini Katilin da Robat da idona. Na gode da na ji mutumin nan ya taɓa zama a kan dutse yana jirana. Amma godiyar da ta fi cika mini zuciya ta Mama ce, yarinya ƙarama a cikin duhun rumbu, ƙaiƙayi na cin jikinta, ta ƙanƙame ni ta ƙi fitowa.

Na ce, "Inna, ashe ke ma da hannunki a ciki."

Ta ce, "Hannu? Maƙogwarona ne ya sha wuya. Ke fa Rifkatu ba ki iya kuka kaɗan ba. Sai da na rera duk waƙar da na sani a duniya, na koma na sake daga farko."